Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Baba Bishop da kwamitin ginin katidiral: a raba katin gini da baftisma da jana'iza

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu.

Mai Girma Baba Bishop, ranka ya daɗe. Ina gaida shugaban kwamitin ginin katidiral da mambobinsa, da iyayenmu firistoci. Allah ya ƙara muku ƙarfi a kan wannan aiki.

Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata Katolika a ɗaya daga cikin farish-farish ɗinka na karkara, irin wanda Fada ɗaya ke zagaya rassansa a kan babur, wani reshen sai ya yi wata bai ga Mas ba. Ba zan kama sunan farish ɗin ba. Abin da zan faɗa ba laifin Fadanmu ba ne, kuma na san da zarar na kama suna, shi za a fara kira a waya. Mun ta da maganar nan a majalisar farish, wakilanmu sun kai ta taron shiyya, kullum amsar da ke dawowa ita ce "za a duba". Shi ya sa na rubuto a fili, kuma da Hausa, don matan da nake magana a madadinsu su ji abin da aka faɗa da sunansu. Dokar Ikilisiya, sashe na 212, ta ba kowane mai bi damar bayyana wa makiyayansa ra'ayinsa cikin ladabi a kan abin da ya shafi Ikilisiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna son katidiral, wato babbar majami'ar da kujerar Bishop take. Kada wani ya karanta wannan ya ce matan ƙauye ba sa son gini. Duk wadda ta taɓa zuwa naɗin sababbin firistoci ta san yadda ake yi: kafin a buga ƙararrawa ciki ya cika, mu da muka taso tun asuba a bayan a-kori-kura muna ƙarƙashin rumfar haya a waje, muna jin muryarka ta lasifika, amma ba ma ganin lokacin da kake ɗora hannu a kan ɗan da muka yi shekara da shekaru muna tara wa kuɗin makaranta. Dayosis, wato yankin da Bishop ɗaya ke shugabanta, na ta ƙaruwa a Arewa: Kafanchan a 1995, Kano a 1999, Zariya a 2000, Kontagora ta zama cikakkiya a 2020, Katsina a 2023. Sabuwar dayosis kan fara ne da majami'ar farish da aka ɗaga darajarta, ginin da ba a yi shi don taron dubbai ba. Dole wata rana a gina babba, kuma dole mu ne za mu gina. Babu gardama a nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kuɗin ke fitowa, kuma ina zargin daga ofishinka ba a ganin wannan sosai. Kwamiti ya yanke adadi, ya raba wa shiyyoyi. Shiyya ta raba wa farish. Fada ya kawo takarda gaban majalisar farish, majalisa kuma ta yi abin da ya fi mata sauƙi, ta raba wa ƙungiyoyi: maza na CMO ga naku, Zumunta ga naku, matasa na CYON, mawaƙa, Rundunar Maryamu, Zuciya Mai Tsarki, kowa da nasa, sannan a ƙara da katin gini na kowane baligi, inda ake rubuta abin da ya biya. A takarda sai ka ga kamar an yi adalci, kaya ya rabu gida shida. Amma je ka duba su waye a cikin ƙungiyoyin. Macen da ke Zumunta ita ce a mawaƙa, ita ce a Rundunar Maryamu, ita ce za ta biya na ɗanta da ke CYON domin ba shi da aikin yi, in mijinta ya yi nauyin hannu kuma ita za ta rufa masa asiri. Kuɗi ɗaya ake nema, sai a bi ta ƙofa biyar a same ta. Ba raina iyayenmu maza nake yi ba, akwai masu ƙoƙari a cikinsu, amma kowane Fada ya san wace ƙungiya ce ke fara cika nata, kuma wace ce ake komawa wurinta in lissafi bai cika ba. "A ba Zumunta, su ba sa kasawa." Yabo ne, amma mu ke biyan kuɗinsa.

Ni nake riƙe da littafin. Bayan mun gama addu'a da waƙa, an ajiye tulu da ganga, sai in buɗe shi in fara kiran suna. Akwai wata uwa da ke sayar da daddawa, mijinta ya rasu, jikoki uku a hannunta. In na kira ta sai ta matso kusa don kada a ji, ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yan takardun ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da suka sha gumi har sun yi laushi, ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta, ta ce, "Ma'aji, rubuta mini wannan tukuna, saura sai ranar kasuwa." Ba ta taɓa cewa ba za ta bayar ba. Tambayarta guda ce, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro: "In na mutu ban gama ba, Fada zai zo?"

Baba, nan ne zuciyar maganar. Katin ginin katidiral ya zama takardar shiga sakramen a wurare da yawa. Ka kawo jariri baftisma, a ce ina katinka. Ka zo rubuta aure, a buɗe littafi a duba bashin iyayen ango da na amarya. Mafi ciwo ita ce jana'iza. Na ga gidan da gawa ke kwance a ɗaki, 'ya'ya sun fita neman rancen da za su cike katin tsohuwarsu kafin a sa lokacin Mas, matar da ta yi rayuwarta tana share cocin reshen nan kowace Asabar. Ƙungiyoyi ma sun koyi darasin, suna cewa wadda ba ta cika ba, ba za a sa anko a je mata ba.

Na tabbata ba kai ka ba da wannan umarni ba. Ban taɓa jin an karanta shi a wata wasiƙa daga gare ka ba. Amma in aka ɗora wa Fada adadi da ranar biya, aka kuma karanta sunayen farish ɗin da suka gaza a gaban 'yan'uwansa firistoci, to zai koma gida ya nemi hanyar da ta fi saurin kawo kuɗi. Shi ya matsa wa majalisa, majalisa ta matsa wa katikis, katikis kuma ba shi da wani abin riƙewa sai littafin baftisma da na jana'iza. Haka mutumin da aka horar don ya koya wa yara katikisma, ya jagoranci sujada ranar da babu Fada, ya zauna da marar lafiya, ya koma mai karɓar haraji. Mutane sun fara sauya hanya in sun hango shi. Shi kansa kuwa, ɗan alawus ɗinsa sai ya yi watanni bai gani ba, domin duk abin da ya shigo an tura gini.

Dokar Ikilisiya ba ta yi shiru a kan wannan ba, kuma kun fi ni saninta. Sashe na 848 ya ce mai ba da sakramen kada ya nemi wani abu fiye da abin da hukuma ta ƙayyade, ya kuma kula kada talauci ya hana mabukaci samun sakramen. Sashe na 1181 ya faɗi haka a kan jana'iza: kada a hana matalauci jana'izar da ta dace. Gaskiya ne sashe na 222 ya ɗora wa kowannenmu nauyin taimaka wa Ikilisiya da bukatunta, kuma ba mu musa ba. Amma babu inda aka ce wanda ya kasa sauke wannan nauyi a riƙe masa baftismar ɗansa jingina.

Abin da wannan ke jawowa ba ya fitowa a rahoton kuɗi. Mace ta yi Lahadi uku ba ta zo ba, ka je gaishe ta, ta ce ciwon ƙafa ne. Ƙafarta lafiya lau. Kunyar a kira sunanta cikin masu bashi bayan sanarwa ce ta zaunar da ita. Wasu sun koma sababbin coci-cocin da ke buɗewa a shaguna, ba don an fi mu wa'azi a can ba, sai don ba a san su da bashi ba. Akwai yaran da suka kai shekara biyu, uku ba baftisma, iyaye na jiran su cike kati. Roƙona na farko ke nan, kuma ko shi kaɗai aka yi na gode: ka rubuta wasiƙa da hannunka, a karanta ta a kowane farish da kowane reshe, da Hausa da Turanci, cewa babu wanda za a tambaya katin gini kafin baftisma, ko aure, ko shafe marar lafiya, ko jana'iza. Ka faɗa a fili yadda katikis zai samu abin nunawa in majalisa ta matsa masa.

Sai maganar rabo. Lissafin da aka yi da yawan sunayen da ke rajistar farish ne, kuma rajista ba ta san wanda ya gudu ba. Ba sai na tuna maka halin da karkarar Arewa ke ciki ba. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shiga cocin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. Bayan shekara guda aka ɗauke firistoci biyu a Gidan Mai Kambu, cikin ƙaramar hukumar Ƙafur. Waɗannan ne suka shiga labarai saboda firistoci ne. Na talakawan da ke zama a kan benci ba a ƙirgawa. Akwai rassan da rabin mutanensu suna gudun hijira a gidajen dangi a gari, akwai gidajen da suka sayar da shanun huɗa da gona don kuɗin fansa, amma sunayensu na nan cikin lissafin da aka yanka wa farish. Waɗanda suka rage su ake sa su biya na waɗanda suka tafi.

Ga tsadar rayuwa a kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota zuwa kasuwa kaɗai ya isa ya cinye ribar mai daddawa. Na san kwamiti ma abin ya taɓa shi: buhun simintin da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk ƙiyasin da aka yi ya rushe. Sai dai in siminti ya tashi, kwamiti na iya sake yanka adadi. Manomi ba shi da wanda zai yanka wa. A 2025 farashin masara ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba, mutane da yawa ko kuɗin da suka zuba a gona ba su mayar ba. Sashe na 1263, wanda ya ba Bishop ikon ɗora haraji, ya gindaya cewa ya zama matsakaici, daidai da abin da ke shigo wa wanda aka ɗora wa, bayan an ji ta bakin majalisar kuɗi da majalisar firistoci. Farish ɗin cikin gari mai Mas uku ranar Lahadi, da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, baikonsa na mako ɗaya na iya fin na wata guda a wurinmu. Littattafan baiko suna ofishinka. A auna da su, a bar ƙirga kawuna.

Kuma a karɓi abin da muke da shi. Tsabar kuɗi ce ke mana wuya, amma da kaka kowane gida na iya fitar da tiya biyu ko uku na masara, ko dawa, ko waken suya, ba tare da ya ji a jikinsa ba. Matasanmu sun iya buga bulo, akwai magina da kafintoci a cikinmu, kuma gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita muka gina kusan duk cocin reshen da kake zuwa ba da sakramen ƙarfafawa, mata na ɗebo ruwa da yashi, maza na kwaɓa ƙasa. A sa ranar gayya ga kowace shiyya, a ƙiyasta aikin da kuɗi, a cire daga kason farish. Hatsin kuma kada a zubar da shi a gwanjon baza, wato kasuwar tara kuɗi ta coci, rana ɗaya lokacin da ya fi arha. A samu rumbu a ajiye, ko a ciyar da leburori da 'yan seminari, masu karatun zama firist, da shi, a mayar da kuɗin abincinsu gini.

Zan ɗan taɓa bikin ƙaddamar da tara kuɗin ginin, ko da yake na san ba kowa zai ji daɗi ba. An gayyato manya, an ba su kujerun gaba, mu mun yi anko mun yi waƙa tun safe har rana ta take. Mai gabatarwa na kiran miliyoyi a lasifika, ana tafi, ana guɗa. Muka koma gida muna cewa an gama, katidiral ya samu. Ba a jima ba sai ga sabuwar takarda, an ƙara kaso. Da muka tambaya, sai aka ce mana a kunne yawancin alkawuran ba a cika ba. To me ya sa ake faɗin alkawari da lasifika, rashin cikawa kuma a kunne? Wanda ya yi alkawari a gaban bagade bai cika ba, ba a hana shi komai, gobe ma kujerar gaba za a ba shi, musamman in zaɓe ya matso. Mai daddawa ce ake buɗe wa littafi. Manzo Yakubu ya yi magana a kan mai zoben zinariya da matalaucin da aka ce ya tsaya can, ba sai na maimaita wa masu wa'azi ba. Ban ce a kori 'yan siyasa ba, 'ya'yan Ikilisiya ne wasunsu. A dai riƙa sanar da abin da ya shiga asusu kawai, alkawari ya jira sai ya zama kuɗi.

Wannan ya kawo ni kan lissafi. Ban ce wani ya ci ko kwabo ba, ban gani ba, ba zan faɗa ba. Abin da na sani shi ne tun da aka fara karɓa, ba a taɓa tsayawa a cocinmu an ce ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga inda gini ya kai, ga abin da ya rage ba. Ni da nake riƙe da 'yan kuɗin Zumunta, duk ƙarshen wata sai na karanta shiga da fita a gaban mata, har kuɗin ashana, in ya ɓace mini da naira hamsin sai an tsayar da taro. In an ce akwai rahoto, to yana can cikin Turanci, a hannun waɗanda suka je taro. Sashe na 1287 ya ce masu kula da dukiyar Ikilisiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Sashe na 1267 ya ce abin da aka bayar don wata manufa, a kanta kaɗai za a kashe shi. Inda babu bayani, jita-jita ke cike gurbin, kuma na ji irin maganganun da ake yi a bakin rijiya waɗanda ba zan so su kai kunnenka ba. Takarda ɗaya ta isa, duk wata uku, da Hausa, a manna a ƙofar coci, katikis ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A haɗa da hoton ginin, domin da yawa cikin masu biya ba su taɓa ganin filin ba.

Kada a ɗauka ƙananan kuɗi ba su cancanci bayani ba. Da su aka kawo mana bangaskiyar nan. A 1822, a birnin Liyon na Faransa, aka kafa ƙungiyar yaɗa bangaskiya a kan tsarin da wata budurwa, Pauline Jaricot, ta fara: ma'aikata, yawancinsu mata masu aikin siliki, suna haɗuwa goma-goma, kowa na ba da ɗan kwabonsa duk mako tare da addu'a. Ƙungiyar ta riƙa buga labaran mishan tana aika wa masu bayarwa, don su san inda kwabonsu ya tafi. Irin wannan taimako ne ya riƙe masu mishan a ƙasashe irin namu, zamanin da firistocin SMA, ƙungiyar masu mishan a Afirka, suka sauka Shendam ta jihar Filato a 1907, kuma ita ce ƙungiyar da muke yi wa baiko har yau a Lahadin Mishan cikin Oktoba. A 2022 Ikilisiya ta ɗaga Pauline zuwa matsayin mai albarka. In an iya aika wa mai saƙar siliki labari a zamanin jirgin ruwa, ba zai gagara ba a zamanin WhatsApp.

Kwamitin kansa, da na duba sunayen, injiniyoyi ne da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, duk mazauna gari, mace ɗaya ce a ciki, ita ma ba ta taɓa zama a reshe ba. Ana bukatar iliminsu. Amma a ƙara kujera biyu, ɗaya ta Zumunta daga karkara, ɗaya ta katikis, masu cikakken ikon magana, ba masu kawo ruwa ba. Da suna nan tun farko, da wani ya tambaya ko dole ne a yi komai lokaci ɗaya. A rufa kwano mu shiga mu yi sujada ko a kan siminti ne, tayil da hasumiya da gilashi mai launi su jira shekarar da aka yi damina mai kyau.

Kasonmu na wannan zango, abin da ya samu, yana hannuna. Ranar Lahadi zan kai wa Fada in karɓi rasit, za mu kuma ci gaba da tarawa. Muna roƙo wasiƙarka a kan kati ta iso kafin bikin godiyar girbi, domin lokacin ne aka fi buɗe littafin bashi. In kwamiti na son ganin littafina, a shirye nake in kawo shi duk ranar da aka kira ni.

Ka sa mana albarka, Baba.

'Yarka cikin Kristi,
Ma'ajin Zumuntar Mata Katolika, daga wani farish na karkara